Ranar da Duna Ta Dawo daga Araba

Har gobe wasu na cewa akuyata ce ta cinye furannin Alhaji Zainulabideen. Ƙarya ne. Ranar da abin ya faru akuyata tana turke da sabuwar haihuwa, ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Amma ko ta wace ce, ta yi aikin tsaf. Furannin da ya sa aka kawo masa tun daga Sakkwato a bayan mota, yana ba su ruwa da hannunsa safe da yamma, ta bar masa su tsirara a bakin get, ba ko ganye ɗaya.

Sunana Tasalla. Ina zaune a Rukunin Gidajen Alheri, nan bayan garin Illela ta hanyar Sakkwato, kuma gidan da nake ciki nawa ne, ba na gado ba, ba na miji ba. Bayan rasuwar maigidana, da kiwon awaki da sayar da atamfa na ɗora bulo kan bulo har na yi rufi. Mutanen rukuninmu iri biyu ne. Akwai ma'aikatan gwamnati, 'yan birni, masu son shara da shiru. Akwai mu 'yan kasuwa, ƙafa ɗaya nan, ƙafa ɗaya Kwanni ta Nijar. Muna da katanga da get da mai gadi, muna kuma da ƙungiyar masu gidaje, wadda Alhaji Zainulabideen yake shugabanta tun da ya ajiye aikin darakta. In faɗi gaskiya, ba mugun mutum ba ne. Shi ya tsaya kai da fata aka haƙa mana rijiyar burtsatse. Matsalarsa ɗaya, in ya ce doka, ko kansa ba ya tausaya wa.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Malam Sharafuddeen. Falke ne a da, mai safarar wake da albasa tsakanin Illela da Kwanni, sai hawan jinin ido ya riƙa cin ganinsa a hankali har duniya ta rufe masa gaba ɗaya. 'Ya'yansa da ke Sakkwato suka ce za su ɗaukar masa ɗan jagora. Ya ce Allah ya kiyaye, ba ɗan da zai bar makaranta don ya riƙe masa sanda, kuma shi bai saba da wani ya san duk inda ya sa ƙafa ba. Cikin jakunan fataucinsa saura guda ɗaya, tsohuwar baƙar jaka mai tsagaggen kunne, ana ce mata Duna. Ita ta zama idonsa.

Sai ka gan su ka yarda. Ba hawanta yake yi ba, tafin hannunsa na dama yake ɗorawa a wuyanta su jera. Da ɗan taɓi take gane masallaci za su ko majalisa ko kasuwa. In sun zo kwalbati ta tsaya har ya lalubi bakinsa da ƙafa. In tirela na tahowa ta kafe, ko ya ce mata wuce ba ta wucewa. In an yi ruwa ta kewaye taɓo da shi. Yana tafe yana yi mata hira, yana gaida mutane da sunayensu tun kafin su yi magana, don takunsu kawai ya ji. Kullum da safe in zai wuce sai ya ɗaga murya ta kan katanga.

"Tasalla! Awakinki sun hana ni barci. Ki ba su abinci ko ki ba ni su!"

Ni kuwa in ce masa ya fara biyan kuɗin kukan jakarsa tukuna. Haka muke.

To, da akuyar nan ta yi ɓarnarta, Alhaji ya kira taron ƙungiya. A ina? A harabar masallaci bayan la'asar, inda suka saba, inda ba macen da ke zuwa. Maza suka zauna su kaɗai suka yanke cewa daga Juma'a mai zuwa ba dabba mai ƙafa huɗu a cikin rukuni, sai kyanwa, sai ragon layya in Sallah ta matso. Labarin a bakin Ummu matar Malam na ji shi, ta leƙo ta kan katanga idonta jawur. Ta ce Malam ya miƙe a taron ya yi tambaya ɗaya.

"Ranka shi daɗe, Duna fa?"

"Malam, doka ba ta da ɗan uwa," in ji Alhaji. "In munka ɗaga maka, gobe wani shi shigo muna da raƙumi. Na san a wasu ƙasashe akwai karen da ke yi ma makaho jagora, amma wannan horo na musamman anka ba shi. Jaki kuwa jaki na. Duk wanda ya riƙe igiya shi za ta bi. Ƙungiya za ta samo maka yaro, ni zan ɗauki nauyi."

"Ban roƙi yaro ba," in ji Malam, ya koma ya zauna.

Mutane da dama abin bai yi musu daɗi ba, amma wa zai ja da Darakta a gaban jama'a? Suka shafa fatiha suka watse. Ni dai na tura awakina bayan ɗaki na toshe musu baki da dusa, na ce sai in ga mai shigowa gidan bazawara ya ƙirga mata dabbobi. Malam ba irina ba ne. Mutum ne mai kunya da bin magana. Ya kira ƙanensa Lawwali, manomi a ƙauyen Araba, ya zo ranar Alhamis ya ja Duna ya tafi da ita. Ina jin Malam ya raka su har bakin ƙofa, yana ce wa Lawwali kada a ba ta harawa mai raɓa, cikinta ba ya so.

Washegari da safe mai gadi ya buɗe get, sai ga Duna tsaye, kai a sunkuye, tana jira a ba ta hanya.

Ai da 'yan birnin nan sun tambaye mu da mun gaya musu. Jakin kan iyaka ba jakin ɗibar yashi ba ne. Tun yana ƙarami ake koya masa hanyar gida, a ɗora masa kaya a can ƙetare a sake shi, ya bi daji shi kaɗai, ba mai kora ba mai ja, har ya zo ya tsaya a ƙofar ubangidansa. Abin da ke cikin kayan ba ruwana, ni atamfa nake sayarwa. Amma duk ɗan Illela ya san irin wannan jakin ba a yi masa ƙaura. Kana iya kai shi wani wuri, zama ne ba zai yi ba.

Aka kira Lawwali ya zo ya mayar da ita. Ta dawo. Ya sa mata dabaibayi, ta dawo da tsalle-tsalle, ƙafafunta duk sun goge. Mai gadi yana korarta da sanda tana kewaya katanga tana kuka, Malam yana ciki yana jin muryarta. Alhaji ya aiko a gaya wa Malam cewa wannan raina doka ne, in ta sake bayyana ƙungiya za ta ci shi tara. Lawwali kuma damina ce, ga noma ya taso masa, ya gaji da barin gona yana bin jaka. Ya ɗaure ta da igiya biyu a turke, ya aiko da magana cewa ran Lahadi zai kai ta kasuwa ya huta.

Wa ke sayen tsohuwar jaka mai tsagaggen kunne don aiki? Ba kowa. Masu fata ne ke saye, waɗanda ke loda su a mota, kuma kowa ya san ba kiwo za su kai su ba.

Malam kuwa ya zauna. Maƙwabta suka zo za su riƙe hannunsa zuwa masallaci, ya yi godiya ya ce su je, zai yi a gida. Sau ɗaya ya gwada fita da sanda shi kaɗai, ya zurma kwalbatin da ke gaban gidan Hajiya Sakinatu, ya fasa ƙwauri, aka kwaso shi riga duk taɓo. Tun daga nan bai ƙara taka ƙofa ba. Safiya ta riƙa wayewa ba mai tsokanar awakina. Wallahi shirun nan ya fi kukan jakar damuna.

Ran Laraba na ɗauki mayafi na shiga gidan. Na same shi a tabarma a tsakar gida, ya rame, hannunsa na dama a buɗe kan gwiwa kamar ya manta abin da ake yi da shi. Na gaishe shi, ya amsa a sanyaye.

"Malam, haka za ka zuba ido a kai ta ga masu fata?"

"Wane idon, Tasalla?" ya ce, ya ɗan yi murmushi. "Ki bari. Jama'a sun yanke. Na yi yawona a duniya, ya isa haka nan."

"Wace jama'a? Ni an tambaye ni?"

Sai da maganar ta fita daga bakina na ji nauyinta. Lallai, wa aka tambaya? Duk akuyar da ke rukunin nan, duk tunkiya, duk kaza, ta wa ce? Ta mata ce. Namiji a ƙasar nan ko ƙwan gidansa ba ya ci sai ya roƙa. Maza sun zauna sun yanke hukunci kan dukiyar da ba tasu ba. Sannan gidajen fa? Na fara lissafawa a zuci: nawa, na Hajiya Sakinatu, na Lubabatu mai turare, na matan da mazansu suka rasu, da na waɗanda mazansu ke can Damagaram da Agadas suna kasuwanci, ba sa zuwa sai Sallah. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ɓacin ran ya yi mini daɗi, don na san inda zan kai shi.

Ban koma gida ba. Gida-gida na bi, na fara da Hajiya Sakinatu, babbar dillaliyar shinkafa, wadda in ta yi magana a kasuwa har masu awo ke gyara tsayuwa. Ta saurare ni tana taunar goro, ta tofar.

"Ni gidana biyu cikin rukunin ga," ta ce. "Kuɗin shara da na gadi ba su taɓa mance ƙofata ba. Ashe taro ne ba su san hanya ba? Tashi mu tafi."

Muka sami Alhaji a barandarsa yana sauraron rediyo. Hajiya ta ce masa muna son a sake zama kan maganar dabbobi, ran Asabar, kuma da mu.

"Hajiya, ai kun san a masallaci muke taro."

"To ku fito gindin bedi. Ƙungiyar masu gidaje ta ko ƙungiyar masu gemu?"

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya juya carbi ya ce gaskiya ne, duk mai gida yana da baki a taro, kuma kuskure ne da ba a kira mu ba. Na ce muku mutumin doka ne. In dokar ta juyo kansa ma, yana miƙa wuya.

Saura abu ɗaya. Na san ko mun cika gindin bedin, wato bishiyar dogon yaro, da mayafai, baki kaɗai ba zai sauya ra'ayin Alhaji kan Duna ba, kuma maza da yawa inda ya kalla nan suke kallo. Sai sun gani da idonsu. Ran Juma'a na kira Hindatu matar Lawwali a waya.

"Gobe in an yi azahar, ki kwance ta. Ki cire dabaibayin. Kada kowa ya biyo ta, kada a kora ta, ki sake ta kawai."

"Inna Tasalla, mi zan ce ma Lawwali? Jibi fa kasuwa."

"Ki ce ni na sa ki. In yana da faɗa ya zo ya same ni, ya san gidan."

Ummu kaɗai na gaya wa. Na ce ta bar ƙofarsu a buɗe, ta kuma ajiye wa Malam rigarsa kusa. Shi Malam ya riga ya ce ba zai je taron ba, ba za a ja shi da hannu a zaunar a gaban mutane kamar abin tausayi ba.

Ran Asabar bayan la'asar gindin bedi ya cika. Maza a tabarmi ta gabas, mu ta yamma, hadari kuma yana haɗuwa ta wajen Kwanni. Aka fara da awaki, kuma a nan kam an kayar da ni. Na yi ta zuba cewa akuya ba ta ƙiba sai tana yawo, sai ga Lubabatu, ta ɓangarenmu fa, ta ce ita ma an cinye mata zogale, kuma ta ga akuya mai tsagin fari a goshi irin tawa. Na ce masu tsagin fari a goshi sun yi yawa a duniya. Aka yi dariya, aka yanke cewa kowa ya yi kiwonsa, amma a turke a cikin gida, wadda ta fito titi mai ita ya biya ɓarna. Karen gadi a ɗaure da rana. Masu tantabaru su san yadda za su yi da rufin maƙwabta. Na haɗiye, don ba awaki suka kawo ni ba.

Sai Alhaji ya ce saura jakar Malam, kuma shi yana nan kan bakansa. Dabbar da za ta riƙa yawo a titi kullum ba ta cikin abin da aka amince. Ya ce yana tausayin Malam, amma tausayi ba hujja ba ne.

Na miƙe.

"Ranka shi daɗe, kai ka ce duk wanda ya riƙe igiya shi za ta bi."

"Na ce."

"To yanzu haka ba igiya a wuyanta. Tun azahar anka sake ta a Araba, ba mai ja, ba mai kora. In ta zo nan da ƙafarta, ta wuce mu duka ba wanda ya kira ta, ta je ta fito da Malam ta kawo shi wurin ga, mi za ka kira ta?"

Alhaji ya cire tabarau ya goge.

"Dawowa gida kam mun gani, kowace dabba na yi. Amma in ta kawo shi nan ita kaɗai, Tasalla, to ba kiwo ba ta, jagora ta, kuma ni zan fara faɗin haka. In kuwa anka kira magariba ba ta zo ba, magana ta ƙare."

Na ce na yarda. Na zauna, nan take na fara nadama.

Jama'a, jira bala'i ne. Rana tana sauka, iska tana kaɗa ganyen bedi, kowa ya juya yana kallon get. Na tuna masu babura da ke gudu kamar an koro su. Na tuna ɓarayin jakuna da suka addabi ƙauyuka. Na ce ko Lawwali ya kama Hindatu tana kwancewa? Na kira wayarta, ba ta shiga. Wani daga cikin maza ya ce jaka dai ta sami ciyawar damina ta manta da kowa. Wani ya ce a tashi kafin ruwa ya sauko. Hajiya Sakinatu ta ce mai tsoron ruwa ya tafi, amma ya bar ƙuri'arsa a nan. Tsoro nake ji sosai, don da bakina na sa ranar da za a rufe maganar, kuma in ta rufu gobe Duna tana motar masu fata, Malam kuma yana tabarmar nan har ranar da za a fito da shi a makara.

Ladan ya tashi ya nufi famfo zai yi alwala. Alhaji ya dubi agogonsa, ya buɗe baki.

Sai muka ji kuka daga bayan katanga, irin mai tsawo ɗin nan da ke ƙarewa da shessheƙa. Ban taɓa jin murya mai daɗinta ba.

Mai gadi ya leƙo yana rarraba ido. "Alhaji, ita ta. In kora?"

"Buɗe mata."

Ta shigo taɓo har gwiwa, ƙaya a jela, tana ɗan ɗingishi. Ba ta kalle mu ba. Wani ya miƙa mata ɓawon kankana don ya gwada ta, ta wuce shi kamar ba ta gani ba. Ta bi tsakiyar titi a hankali, mu duka mun miƙe muna binta da ido, har ta kai ƙofar Malam ta sa kai ta shige.

Daga nan ba abin da muke gani sai ƙofa a buɗe. Na riƙe hannun Lubabatu har sai da ta ce zan karya mata yatsa.

Kan Duna ne ya fara fitowa. Sai hannu a wuyanta. Sai Malam Sharafuddeen cikin farar riga da hula, ba sanda, kansa a ɗage. Suka juyo wajenmu, don hayaniyar da ta ɓarke ta isa ta gaya masa inda taro yake. Wani ya bar babur a gicciye a hanya, Duna ta kewaye shi da Malam ba tare da rigarsa ta taɓa ba. Suka zo kwalbatin gidan Hajiya Sakinatu, wanda ya fasa masa ƙwauri, ta tsaya cak. Ya lalubi bakin da ƙafa, ya taka, suka haye. A daidai nan wata mota ta kunno kai daga get, ɗan wani ne ya dawo daga gari. Malam ya taɓa wuyanta su ci gaba, ta ƙi. Ya sake taɓawa, ta kafe ƙafafu har motar ta wuce ta tsaya, sannan ta ɗaga ƙafa. Na ji wani dattijo a bayana yana ta maimaita ikon Allah, ikon Allah.

Ta kawo shi har bakin tabarmar maza ta tsaya.

"Salamu alaikum," in ji Malam. "An ce masu gidaje na taro. Ina da gida, shi ya sa na zo. Ku yi haƙuri da latti, abokiyar tafiyata ta yi nisa."

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Ni da ko a bikin 'yata ban yi guɗa ba! Mata suka ɗauka, maza suna kabbara, mai gadi yana tafi da sandarsa a hammata. Alhaji Zainulabideen ya bar mu muka gama, sannan ya tako har gaban Malam ya kama hannunsa na hagu, don na daman yana inda yake.

"Malam, ni na ce jaki jaki na. Na janye, a gaban waɗanda na faɗa a gabansu. Ka yafe mani."

"Ba komai, ranka shi daɗe. Ba ka san ta ba ne."

Alhaji ya juyo ya faɗi sabuwar dokar da bakinsa. Dabbar da ke tsaya wa mutum a matsayin ido ko ƙafa ba ta cikin dokar kiwo, duk inda mai ita zai bi a rukunin nan ita ma za ta bi, a masallaci kuma ta jira a ƙofa. Kashinta mai ita ya sa a kwashe. Ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu, nasa kuma tuni yana sama. Hajiya Sakinatu ta ɗaga biyu, ta ce gida biyu gare ta. Ba a ma tsaya ƙirgawa ba, ladan ya kira salla, ruwa kuma ya fara sauka. Muka watse da gudu muna dariya, Malam da Duna kaɗai ke tafiya a natse zuwa masallaci.

Da safiyar Lahadi Lawwali ya iso a kan babur, igiya a kafaɗa, fuska a murtuke. Ƙofata ya fara bugawa, tun da an ce masa ni ce na sa aka kwance ta. Na fito na gyara ɗaurin zani, na shirya masa tsaf, sai ƙofar maƙwabta ta buɗe. Malam ne, ya sha wanka ya sa turare, Duna an goge mata taɓo, Ummu ta ɗaure mata ƙafar da ke ciwo da tsumma.

"Lawwali, kasuwa za ka kai ta ko?"

"Haka munka yi, Yaya."

"To kasuwar za mu. Ka mai da igiyarka gida, ka gaida Hindatu da kyau."

Lawwali ya kalle ni, ya kalli yayansa, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa da na dubi titi na ga yadda ruwan jiya ya ɓata shi, sai hankalina ya tashi. Na ce Malam ya bari sai an jima ƙasa ta sha, ko Lawwali ya bi su a baya, yau ranar tireloli ce da shanu, ga ƙafarta ba ta gama warkewa ba. Ina ta zuba, na tsaya musu a gaba ban sani ba.

"Kauce, Tasalla, kin tare muna hanya," ya ce.

Na kauce. Suka yi gaba kaɗan, sai ya tsaya ya juyo da fuskarsa wajena.

"Kasuwa za ni. Akwai saƙo?"

Ba abin da na rasa a gidana ranar. Amma na ce akwai, ya sayo mini kanwa da daddawa, kuma kada ya bari a ba shi ta jiya.

"Ni za a ba ta jiya?" ya ce. Ya taɓa wuyan Duna, suka fita get suka karya hagu wajen gari.